Ƙara wa Injin Akori-kura Ƙarfi da Kuɗi Kaɗan

Akori-kura mota ce ta neman abinci. Ita ke kai buhunan masara kasuwar ƙauye, ta ɗauko siminti da rodi zuwa wurin gini, ta kuma kai yara makaranta kafin a fita aiki. A da Fijo 404 da 504 ne suka riƙe wannan aiki, musamman bayan kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975. Yau Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ita ta fi yawa a hanyoyinmu, don haka wannan darasi zai ɗauki misalansa daga ƙirar da ta fito tsakanin 2004 da 2015. Injunan da aka fi samu a cikinta su ne 2TR-FE mai shan fetur, mai girman lita 2.7, da 2KD-FTV da 1KD-FTV masu shan dizal kuma masu turbo, sai tsohon inji 5L-E na dizal wanda ba shi da turbo. Ƙa'idojin da za a bayyana sun shafi sauran ire-iren akori-kura.

Motar da ake fita da ita kullum ba motar tsere ba ce. Duk ƙarin ƙarfin da zai sa ta yawan kwana a gareji, ko ya ninka kuɗin mai, asara ce ga mai ita. Da wannan ma'auni za a auna kowane gyara da ke tafe.

Inda ƙarfi yake fitowa

Inji yana zuƙar iska, ya gauraya ta da mai, ya matse su a cikin silinda, su kama da wuta, zafin ya tura fistin. A injin fetur, kowane kilo ɗaya na mai yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, wato lita ɗaya ta fetur tana cin iska kimanin lita 9,000. Daga nan za a gane cewa iska ce ke iyakance ƙarfin inji, ba mai ba. Tura mai abu ne mai sauƙi. Idan babu iskar da za ta ƙona shi, sai ya fita ta salansa a matsayin hayaƙi.

Iska kuwa ba kullum take da nauyi ɗaya ba. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kaurinta da kusan kashi 3 cikin 100, shi ya sa mota ta fi kuzari da asubahin hunturu a kan azahar ɗin watan Afrilu. Tudu ma haka yake: injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200, saboda haka motar da ta taso daga Legas za ta isa can da ragin da ya haura kashi 10 cikin 100, alhali babu abin da ya lalace a jikinta.

Akwai kuma ma'auni biyu da ake yawan cakuɗawa. Ƙarfin doki shi ke nuna iyakar gudun da mota za ta iya. Ƙarfin murɗa, wanda ake aunawa da niyuton-mita, shi ke tayar da ita daga tsaye da lodi a baya, shi ke fitar da ita daga yashi, ya haurar da ita gada ba tare da an sauko giya biyu ba. Injin 2TR-FE yana ba da doki wajen 160 da murɗa wajen 240, amma sai ya yi juyi kusan 4,000 a minti kafin murɗar ta cika. Injin dizal mai turbo yana ba da tasa tun kafin juyi 2,000. Mai akori-kura murɗa yake nema, kuma a ƙananan juyi, domin a nan motarsa take wuni.

Ƙarfin da ya zube a hanya

Yawancin masu cewa motarsu ba ta ja ba ƙari suke buƙata ba. Ƙarfin da kamfani ya ba injin ne ya zurare kaɗan-kaɗan cikin shekaru, kuma dawo da shi ya fi kowace ƙawa araha.

Matatar iska ce farko. A ƙasar da ƙurar hunturu ke rufe rana, da hanyoyin birji da mota ke bin bayan mota, matata tana toshewa tun kafin wa'adin da littafin mota ya ɗiba mata. Al'adar gareji ita ce a ciro ta a busa ta da iskar mai faci. Busa mai ƙarfi tana yaga takardar a wuraren da ido ba ya gani, ƙurar da aka tsare jiya ta samu ƙofa yau, ta shiga silinda tana goge ringi da bango. Abin da ya dace shi ne a kakkaɓe ta a hankali, a haska ta da fitila, idan haske ba ya ratsawa ko an ga tsaga a sayi sabuwa. A kuma duba murfin akwatinta da robar da ta tashi daga nan zuwa inji, domin ƙaramar tsaga a wannan roba tana shigar da ƙura kai tsaye. Matatun auduga masu jiƙe da mai, waɗanda ake tallatawa da sunan ƙara ƙarfi, suna barin iska ta wuce da sauƙi saboda ramukansu sun fi faɗi, kuma ta wannan faɗin lallausar ƙura ke bi. A nan yankin, matatar takarda mai inganci ta fi su. Wanda aikinsa na daji ne zai amfana da bututun nan da ake ɗagawa gefen gilashi ya zuƙo iska daga sama, ba don yana ƙara doki ba, sai don iskar can ta fi ta bakin taya tsabta.

Bayan matata akwai wata 'yar na'ura da ke auna yawan iskar da ke shiga, ta sanar da kwamfutar mota, wadda bakanikai ke kira biren-bos. Siririyar waya ce a cikinta. Idan datti ya lulluɓe ta sai ta riƙa ba da lissafin ƙarya, kwamfuta ta tura man da bai dace ba, mota ta yi nauyi a totur. Ana wanke ta da feshin da aka yi dominta, ba a taɓa wayar da hannu ko tsumma, kuma ba a zuba mata fetur. Bakin totur shi ma yana tara baƙin danƙo da ke son gogewa. A injin dizal dattin ya fi yawa a bututun shigar iska, inda hayaƙin da ake mayarwa ciki don rage guba yake haɗuwa da tururin baƙin mai ya daskare, har hanyar ta tsuke. Kwance bututun a kankare shi aiki ne na wuni ɗaya, kuɗinsa ladan bakanike ne da gasket, kuma bambancinsa yana bayyana tun a hawan farko.

Sai fulogi. Na gama-gari yana son canji bayan kilomita 20,000 zuwa 40,000, mai bakin iridiyom kuwa yana kaiwa 100,000. Matsalar ita ce jabu sun cika kasuwa, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna, kwalinsu bai bambanta da na ainihi ba. Fulogin iridiyom da aka sayar a farashin na gama-gari abin tuhuma ne. Gara na gama-gari na gaskiya mai lambar da littafi ya ce, a kan mai tsada na ƙarya. Fulogi ba ya ƙara wa lafiyayyen inji ƙarfi. Yana hana shi rasa bugu ne kawai.

A ɓangaren mai, injunan 1KD da 2KD suna fesa dizal da matsin da ya ninka na iskar sarari fiye da sau dubu, ta ramukan nozul masu sirantar gashi. Ruwa ko tsaki kaɗan ya isa ya lalata su, kuma nozul huɗu sun fi duk kayan da aka lissafa a sama tsada. Matatar mai tana da kofi a ƙasanta da ke tara ruwa, da fitila a gaban direba da ke kamawa idan ya cika. A tsiyaye shi a kan lokaci, a canza matatar, a kuma guji man jarka da ba a san inda ya kwana ba. Gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shiga gidajen mai a Nijeriya a Fabrairun 2022 ya nuna irin ɓarnar da mummunan mai ke yi wa lafiyayyun motoci.

Baƙin mai yana da nasa rabo. Ana yawan zuba mai kauri irin 20W-50 a kowace mota da hujjar zafin ƙasa. Injin 2TR-FE yana amfani da matsin baƙin mai wajen sauya lokacin buɗewar bawul, kuma mai kauri fiye da ƙima ko wanda ya daɗe ba a juye ba yana sa wannan tsari ya yi sanyin jiki. Littafin mota ya jera kaurin da ya dace da kowane yanayi, shi za a bi. A injunan KD kuma a tuna da bel ɗin taimin, wanda wa'adinsa kilomita 150,000 ne. Idan ya tsinke fistin da bawul za su yi karo, maganar ƙarfi ta ƙare.

Gwaji biyu ne ya kamata su riga sayen komai. Na farko, a jona na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari a karanta abin da kwamfuta ta adana. Fitilar inji da ke kunne ba a rufe ta da salatif. Na biyu, a auna matsin kowace silinda. Idan wata ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, ringi ko bawul sun gaji, kuma babu kayan ƙawar da za su maye gurbin wannan gyara.

Zafi

Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na kuzarin mai ke zama tafiya. Sauran yana fita a matsayin zafi, rabi ta salansa, rabi ta lagireto. Injin zamani idan ya ji zafi ya yi yawa yana kare kansa: kwamfuta ta jinkirta tartsatsin fulogi ko ta rage mai, direba ya ji mota ta mutu a ƙafarsa. Ƙara wa irin wannan inji ƙarfi ƙara masa zafi ne.

Cire tamosta ya zama ruwan dare a garejinmu, ana cewa ta ƙasashen sanyi ce. Wannan kuskure ne. Aikinta shi ne ta riƙe ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wanda a yawancin injunan Toyota yake farawa daga digiri 82, sannan ta buɗe hanyar lagireto. Idan babu ita, inji yana daɗewa a sanyaye, kwamfuta ta ci gaba da tura mai da yawa kamar yanzu aka tayar da shi, ringi kuma ya fi saurin ci. A injuna da yawa ita ce kuma ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi lagireto ba, don haka cire ta kan iya jawo zafin da ake gudu idan aka hau babbar hanya da lodi. Motar da ke zafi tana da wani dalili: lagireto da ruwan rijiya ya toshe da gishiri da tsatsa, ko ƙura da kwari da suka like a fuskarsa, ko murfin da ya daina riƙe matsi har ruwa ke tafasa da wuri, ko kulocin fanka da ya saki. Gwajin na ƙarshe mai sauƙi ne. Bayan doguwar tafiya a kashe mota a juya fankar da hannu. Idan ta yi ta wulwulawa ba tirjiya, kulocinta ya mutu. Ruwan sanyaya inji na kanti ya fi ruwan famfo saboda yana hana tsatsa, kuma kuɗinsa bai kai na gasket ɗin kan inji ba.

Abin da ke cin ƙarfi a wajen inji

Manyan tayoyi suna ƙawata mota, amma suna da farashi. Tsayin taya mai lamba 205R16 kimanin milimita 734 ne, na 265/70R16 kuwa 777. Bambancin kusan kashi 6 cikin 100 ne, kuma daidai wannan adadi ƙarfin tura mota yake raguwa a kowace giya, ban da nauyin tayar kanta. Maleji ma zai riƙa nuna ƙasa da tafiyar da aka yi. Komawa girman da kamfani ya sa yana daga cikin hanyoyi mafi tabbas na dawo da kuzari. Iskar taya a auna ta da safe kafin tafiya, bisa lambobin da ke manne a bakin ƙofar direba, inda aka ware na mota wayam da na mai lodi.

Birkin da ke kamawa yana satar ƙarfi a ɓoye; ƙafar da ta fi sauran zafi bayan tafiya ita ce abin dubawa. Kuloci mai sulɓi yana sa inji ya yi ƙara mota ba ta gaba. Ƙarafan ado na gaba da baya da tarkacen da ke kwana a bodi duk lodi ne da ba a biya kuɗin dakonsa. Hilux an yi ta ne ta ɗauki kimanin tan ɗaya, har da mutanen ciki. Ƙara mata sifirin yana hana bayanta zama, amma ba ya ƙara wa birki da giya da aksul juriya.

Sauye-sauye na gaske

Idan an gama duk wannan kuma ana son ƙari, abin da za a samu ya danganta da irin injin.

A injin fetur marar turbo, ribar kaɗan ce. Faffaɗar salansa tana ƙara ƙara fiye da ƙarfi, kuma idan faɗin ya wuce ƙima hayaƙi yana rage gudu a ƙananan juyi, murɗar da ake nema ta ragu. Sauya lissafin kwamfuta ma ba ya wuce 'yan kashi kaɗan cikin 100, domin babu hanyar tura ƙarin iska. Game da matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi, lafiyayya ba ta tauye ƙarfi yadda za a ji. Wadda ta narke ko ta toshe ce ke shaƙe inji, kuma maganinta canji. Masu ba da shawarar a fasa ta sau da yawa cikinta suke so, domin akwai ƙarafa masu daraja irin su filatinom da ake saye da tsada. Motar da aka cire wa ita tana fitar da gubar da mai talla a bakin titi da yaron da ke zaune a bodi za su shaƙa. Mayar da mota kan iskar gas ta CNG, wanda ya yaɗu bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, hanyar rage kuɗin mai ce: gas ɗin yana cin gurbin iska a silinda, ƙarfi ya ɗan ragu, tukunyarsa kuma tana da nauyi.

A tsohon dizal marar turbo, bakanike kan juya sukurun famfo ya ƙara mai. Iyakar amfaninsa ita ce inda baƙin hayaƙi ya fara. Daga nan kuɗi ne ke ƙonewa, kan inji kuma yana gasuwa.

Dizal mai turbo ne kaɗai ke da riba mai kauri. Toyota da kanta ta fitar da 2KD a matakai daban-daban: daga doki 102 da murɗa 200 a marar intakula har zuwa doki 144 da murɗa 343 a wanda aka sa wa ingantaccen turbo. Intakula ɗan lagireto ne da ke sanyaya iskar da turbo ya matse ta yi zafi, ta ƙara kauri kafin ta shiga silinda. Wanda motarsa ke da shi ya tabbatar robobinsa ba sa yoyo. Jiƙewar baƙin mai a mahaɗa da ƙarar huci idan an taka totur alamu ne. Sake lissafin kwamfuta a irin wannan inji yana ƙara matsin turbo da mai tare, kuma bambancin yana fitowa sarai. Sai dai ƙarin mai yana ɗaga zafin hayaƙi, zafin nan kuma shi ke tsaga fistin ya ƙona turbo, musamman idan nozul sun fara gajiya. Kulocin asali ma yakan fara sulɓi. Saboda haka ba a yin wannan aiki sai a kan inji mai cikakken matsi da nozul da aka gwada, a wurin ƙwararren da zai adana lissafin asali don a iya komawa, a tsaya a matsakaicin ƙari, a kuma sa agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba. Bayan doguwar tafiya ko hawa da lodi a bar inji ya yi silo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, domin baƙin mai ya sanyaya turbo. Motar da ke ƙarƙashin garanti tana iya rasa shi da wannan sauyi.

Akwai kayan da ba su cancanci ko kwabo ba: maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, farfelar gwangwani da ake cusawa a hanyar iska, ƙwayoyin jefawa a tanki, da 'yan akwatunan da ake jonawa a soket ɗin bincike masu walƙiya da fitilu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori sama da 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta samu wadda ta kawo wani babban canji ba.

Yadda ake auna sakamako

Kunne da ƙafa suna ruɗin mai mota, musamman bayan ya kashe kuɗi. Kafin a taɓa komai a cika tanki, a rubuta lambar maleji, a yi aikin yau da kullum, a sake cikawa a famfo ɗaya, a raba kilomitocin da litocin da suka shiga. A maimaita sau uku a ɗauki matsakaici. Don auna ja, a samu miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, a sa giya ta huɗu, wani da ke gefe ya riƙe agogo ya ƙirga daƙiƙun da mota ke ɗauka daga gudun kilomita 60 zuwa 90, da lodi iri ɗaya kuma a lokaci ɗaya na rana. Gyara ɗaya ake yi a sake aunawa kafin a shiga na gaba, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aiki ba. Duk lokacin da lambobin suka nuna mota ta ƙara kuzari, a duba takalman birki da man birki a wannan makon, domin nisan tsayawar mota mai lodi yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninku biyu.